Tekun da Na Kawo Agiye

Zanen da ke kan kwamfutarta ne ya fara ɗaukar idona. Na shiga gidan su abokina a Agiye, na tarar da ƙanwarsa, wadda ta zo hutu daga babbar lakol, wato jami'a, zaune kan tabarma tana jan layuka tsakanin wasu akwatuna masu launi.

"Wane gari ne wanga?" na ce.

"Ba gari ba ne, Yaya. Ƙwayar lantarki ce, ba ta kai farcenka ba, ita za ta sarrafa famfon sola." Ta nuna mini akwatin lissafi da na ajiyar bayani. "Ba ni na ƙera su ba, wasu sun gama su tuntuni, ɗaukowa nake in harhaɗa. Aikina in gwada kowanne a inda zai zauna."

Tun daga ranar na kamu. Ni kuwa littattafan soyayya na kasuwa ne suka rene ni, ban yarda bakina zai iya wata magana da ta dace da ita ba. Sai na tsinci jimla nan, jimla can, ina haddacewa ina noman gero.

Wata la'asar na je zance. Kakarta na gefe tana ɓarar gyaɗa. Na fara zubowa, yarinyar ta sunkuyar da kai, na ɗauka kunyar so ce. Har na kai jimlar da ke cewa muna tsaye bakin teku, igiyar ruwa na wanke mana ƙafafu.

"Kai angona, wane teku?" in ji kaka. "Ko tabkin bayan tasha da jakai ke sha?"

Da yarinyar ta yi dariya, da ya fi mini sauƙi. A hankali ta ce, "Yaya, ɗaukowa ba laifi ba ne, sana'ata ke nan. Gwadawa ce ba ka yi ba. Faɗa mini abu guda da ka gani gare ni da idonka."

Ina da shi. Takan ciji bakin mayafinta idan layi ya ƙi haɗuwa. Amma ban taɓa ganin haka a littafi ba, sai na raina shi. Na lalubi takalmina.

Yanzu tana Yamai, tana kan zanenta. Wani likitan dabbobi ɗan Gidan Rumji ta aura. Abokina ya ce ranar da mutumin ya fara zuwa, cewa ya yi, "Kin rame. Kina cin abinci kuwa?"