Fararen Duwatsu a Gonar Dabino

Na yi aikin awon ƙasa a wurare da dama. A Damagaram inda na koya ana ce mana 'yan topo, a Kano safiyo, a Sabha kuwa, can ƙasar Larabawa bayan hamada, duk wanda ya riƙe na'ura muhandis ne. Rigimar dai ko'ina iri ɗaya ce, iyaka.

A Sabha a kan rijiya aka yi ta. Wani dattijo mai gonar dabino a bayan gari, wanda kakarsa ta fito daga ƙasar Hausa, ya haƙa rijiyar burtsatse ya sa mata famfo. Maƙwabcinsa ya ce a cikin tasa gonar take. In hakan ta tabbata, dattijon ba shi da wani ruwan da zai ba dabinonsa. Dukansu sun yarda da turakun siminti biyu da ke ƙarshen iyakar, sun yarda layin miƙaƙƙe ne. Sai dai tudun yashi da itatuwa sun shiga tsakani, ba a hango wannan turke daga wancan.

Ofishin da nake wa aiki ya ce a ɗauki hoton gonakin daga sama da ƙaramin jirgi marar matuƙi. Hoton sama ba ya zama taswira sai an ɗaure shi da ƙasa: a sa alamomin da za su fito a hoton, a auna matsayin kowace. A Nijeriya fenti muke yi a kan kwalta, a Nijar tsohuwar taya muke ajiyewa. A nan iska na kwashe abu marar nauyi, don haka a wurin kowace alama muka jera duwatsu layi biyu a gicciye, muka shafa musu farar ƙasa, muka kafa ƙusar ƙarfe a tsakiya. Sai muka zauna jiran izinin tashi. Saboda sansanin jiragen soja na Tamanhint da ke kusa, da ƙyar aka ba mu izinin tashi sau ɗaya tak.

Da kwamfuta ta haɗa hotunan, rijiyar ta faɗa ɓangaren maƙwabcin. Amma alama ɗaya, ta kusa da rijiyar, ta ƙi jituwa da sauran. Abokin aikina, ɗan garin, ya ce a raba bambancin a kan dukkan alamomin a huta.

Kuskuren awo ba iri ɗaya ba ne. Akwai ƙanana masu watsuwa hagu da dama, su ake rabawa. Akwai na na'ura, mai karkata gefe ɗaya kullum. Akwai kuma katoɓara, ita ba a raba ta, takawa ake yi a je a gani. Muka faɗaɗa hoton. Ga fararen duwatsu, amma layi ɗaya ne mai ɗan ƙusumbi a tsakiya.

Da muka je wurin, muka tarar da leburori daga unguwar Tayuri suna haƙa hanyar ruwa, yawancinsu mutanen Maraɗi, da Bakano ɗaya. Duwatsunmu suna gefen wata inuwa, an yi masallaci da su. Na yi sallama da Hausa, na tambayi wanda ya ɗauke su.

Babbansu ya ce, "Baba, naka ne? Mu dai mun ga an jera su kamar alamar coci a gonar musulmi, muka ce bari mu sa su hanya."

Bakanon ya ce, "Ni fa na ce kada a taɓa, kayan gwamnati ne."

"Ji shi. Wa ya yi mana limanci ran nan?"

"To an riga an gina, in ƙi salla?"

Na tambaye su ko sun motsa dutse tun ranar da jirgi ya wuce. Suka ce ko ɗaya. Na roƙe su su bar komai yadda yake.

Tunda ba damar sake tashi, sai in mai da masallacin alama, shi ne a hoton. Muka tono ƙusar, tana nan inda muka kafa ta. Abin da ya rage, nisa da kusurwa daga ita zuwa dutsen gaban liman. Na'urar tauraron ɗan'adam ta ofishinmu an tafi da ita wani aikin, kamfas kuma ba ya tsayawa kusa da bututun famfo. Washegari da hantsi na kafa tsohuwar na'urar awon kusurwa a kan ƙusar, na nemi arewa ta gaskiya daga rana, yadda aka koya mana da Faransanci tun ina saurayi. Ba a kallonta ta madubin na'urar. Farar takarda ake tarawa a bayansa, hotonta ya faɗo, a duba agogo. Na juya na'urar na maimaita, don karkatarta ta kashe kanta. Dattijon yana tsugune a gefe yana jan carbi.

Da muka shigar da sabon awon, alamomin suka jitu, layin ya matsa. Rijiyar tana cikin gonar dattijon. Maƙwabcin ya tambaye ni da Larabci ko na tabbata. Na ce masa awona na iya kuskure da kamar tafin hannu, rijiyar kuwa ta fi tsawon mutum nesa da layin. Ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya ce shi ke nan, ya shiga motarsa.

Dattijon ya kunna famfo, ya ce da 'yar Hausarsa, "Muhandis, sha ruwa." Na sha.

Kafin in naɗe kaya, Bakanon ya ce tunda arewa tana hannuna, in duba musu alƙibla. Na duba. Sun karkatar da ita hagu da gabas kamar a gida, alhali a Sabha dama take kaɗan. Na ce yanzu suna iya motsa duwatsun.