Sakata Ba Kwaɗo

Ruwa ya kwana yana zuba a Ushafa, da safe kuma gari ya washe, rana ta fito tas, ƙasa sai ƙamshi take. A ranar ce Sale Mai Get ya ce zai tashi sama.

Sale mai walda ne. Manyan ƙofofin ƙarfen nan na Maitama, masu hana talaka leƙen masu hali, da yawansu aikin hannunsa ne. Sai dai shi ransa ba a ƙasa yake ba. Ya yi shekaru yana harhaɗa ɗan ƙaramin jirgi a bayan gida, da bututun ƙarfe da falankin goran ruwa da injin wata tsohuwar mota. 'Yan unguwa suka laƙaba masa Kyaftin, suna faɗa suna ƙunshe dariya. Shi kuwa ba abin da yake so a duniya irin a kira shi da sunan nan ba dariya a ciki.

Da yake ƙofar gidansa matsattsiya ce, sai ya yi wa fikafikan jirgin aikin get: a naɗe su sama a fito, a fili a buɗe, a zura wa kowanne sakata. Haka aka turo shi har filin bayan gari, jama'a na biye.

Simon makanike, amininsa, ya dafa shi. "Oga Kyaftin, injin waldan nan dai ni za ka bar wa, ko?"

"Kai dai tsaya. In na bi ta saman garejinka, yawu zan tofo maka."

Matarsa Rekiya ta ce, "Baban Kauthar, shinkafa na kan wuta. In ka kai Kaduna ka juyo."

Sale ya yi bismilla ya ba shi wuta. Jirgi ya zabura, yana gudu yana karkarwa, ya daki wani rami, ya yi sama kamar tsayin mutum. Jijjigar nan ce ta zare sakatar hagu. Fiffike ya miƙe tsaye kamar ɗan sanda ya ga oga, jirgi ya juya ya kife cikin gonar doya. Taɓo ne ya ceci Sale, ƙafa ɗaya kawai ta karye.

Ana jawo shi, Simon ya leƙa sakatar, ya ga hujin da ake maƙala kwaɗo wayam.

"Sale, ina kwaɗon?"

"Wane kwaɗo?" in ji Sale, yana nishi. "Tun da kake, ka taɓa ganin mai walda ya sa wa get kwaɗo? Ai mai gida ke sayen abinsa."

"To, wane ne mai gidan?"

Sale ya dubi sama.

Daga ranar sunansa ya ƙaru, ya zama Kyaftin Kwaɗo, wai ga kwaɗon da ya manta, ga kuma tsallen kwaɗon da ya yi. Dariya ba ta ragu ba. Amma in ta yi yawa, Simon kan ce, "Ku yi ta yi. Ni dai da idona na ga haske tsakanin tayarsa da ƙasa. A cikinku wa ya taɓa?" Wannan kaɗai kan sa Sale ya gyara hula.

Yanzu yana nan a rumfarsa ta kan hanyar Bwari, yana ɗingishi, yana walda, kuma duk get ɗin da ya miƙa da kwaɗonsa a jiki. Jirgin na bayan gida, kajin Rekiya na kwana a ciki.