Jan zaren da Yaya Sule ya bari a katunansa

Shekara biyar ke nan da rasuwar yayana, Sulemanu tela, a Birmingham. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Har yau in na taso daga Manchester na shiga unguwar Sparkhill, sai na rage tafiya daidai inda shagonsa yake a Stratford Road, duk da yanzu wayoyi ake sayarwa a wurin. Ni ce ƙanwarsa da ke bi masa. Bana ba rigunan da ya ɗinka ne suka tsaya min a rai ba, katunansa na 'yan ƙwallo ne.

Ga wanda bai san su ba, 'yan ƙananan katuna ne masu hoton 'yan ƙwallon dā, irin waɗanda ake sakawa cikin kwalin taba ko na cingam. Turawa na tara su kamar yadda muke tara atamfa. Yaya ya taso da son ƙwallo tun muna Zangon Kumasi, don haka da ya ci karo da su a kasuwar tsofaffin kaya ta ranar Lahadi, sai ya riƙa sayowa yana zubawa a gwangwanin biskit. Matarsa ta yi mita har ta gaji ta zuba masa ido.

To amma Yaya tela ne har cikin jininsa, ba ya iya ganin abu a yamutse ya ƙyale. A Kumasi, in za ka sayar da rigar gwanjo sai ka wanke ta, ka goge, ka datse zaren da ya zazzago. Ka miƙa wa mutum kaya a cukurkuɗe, ai ka raina shi. Haka ya yi wa katunan. Wanda ya lanƙwashe ya rufa masa ƙyalle ya bi da dutsen guga. Wanda bakinsa ya cinye ya daidaita da ƙaramin almakashi. Inda launi ya koɗe ya taɓa da alƙalami. Wallahi in ka gani sai ka ce yau aka buga su, shi kuma yana ta alfahari da aikinsa.

Ɗansa Jamilu, lokacin yana jami'a, shi ya ce masa ana gwanjon irin waɗannan a intanet. Ya buɗe masa shafi da sunan shagon, ya ɗauki hotuna ya saka. Nan da nan aka fara saye, domin a hoto babu katin da ya kai na Yaya kyau. Babu wanda ya gaya musu cewa a wajen masu wannan harka, katin da aka taɓa ya mutu. Sun fi son sa da tsufansa da tabonsa, yadda zamani ya bar shi.

Wani dattijon bature da ke kusa da Rusholme a nan Manchester ya sayi ɗaya, ya auna, ya ga bai kai girmansa na asali ba. Sai ya rubuta a ƙarƙashin sunan shagon, inda kowa ke gani, cewa wannan mutum macuci ne, yana datse kati ya sayar. Ɗan wani a masallacinsu ya gani, ya kai gida. Kun san mu da magana. Kafin a ce me, ta koma Sule tela yana datse kayan mutane. Wata mata da ta daɗe tana kawo masa ɗinki ta zo da shadda, ta tsaya a gabansa ta auna da awonta kafin ta miƙa masa. Mutumin da ko guntun yadi ya rage sai ya naɗe ya mayar wa mai shi! Ranar ya kira ni a waya, ban taɓa jin muryarsa ta karye haka ba.

Jamilu ya ce a mayar wa baturen kuɗinsa ta gidan waya a huta. Yaya ya ce ina, ba a ba da haƙuri daga nesa. Ya hau mota ya zo Manchester, ya ce in raka shi, don a wajenmu mai laifi ba ya zuwa shi kaɗai. Baturen ya leƙo ta bayan sarƙar ƙofa. Yaya ya cire hula, sannan don ya nuna gaskiyarsa ya zaro almakashin daga aljihu. Na ce, "Yaya, don Allah mayar da abin nan kafin a kira mana 'yan sanda!"

Da ƙyar muka shiga. Dattijon ya saurare shi, ya gane ba da mugun nufi ba ne. Amma ya ce, shi ya gano, na gaba fa? Katin zai wuce hannu zuwa hannu, wani zai sayar da shi a matsayin lafiyayye, mai saye kuma hoto kawai yake gani. Dattijon ya so ya goge kalmar da ya rubuta, shafin bai ba shi dama ba, sai dai ya ƙara bayani a ƙasa. Muna dawowa a bas ta Wilmslow Road sai Yaya ya ce, "Ashe ko na mutu zan ci gaba da cutar mutane."

Da ya koma gida ya nemi duk waɗanda suka sayi nasa, ya gaya musu abin da ya yi. Sannan ya zauna a kan keken ɗinki, ya ɗauko duk katin da ya taɓa gyarawa da ya rage a hannunsa, ya bi shi da jan zare daga kusurwa zuwa kusurwa. Na yi masa faɗa sosai. Na ce wannan ɓarna ce, ka ajiye su mana kawai. Ya ce ajiya ba ta hana magada sayarwa. Bai cika shekara ba bayan nan ciwon zuciya ya ɗauke shi.

Yanzu harkar ta ƙara girma, kuma na ji akwai masu datse kati da gangan, da inji, yadda ido ba zai gane ba, su ɗauki hoto ta ɓangaren da ya fi kyau. Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce. Ina jin ba zagi zai yi ba. Zai dai yi mamakin yadda mutum ke cin kuɗin wanda bai taɓa haɗa ido da shi ba, kuma ya iya barci. Mai saye kuwa, Yaya zai ce masa ya tambaya baki da baki ko an taɓa kayan, in mai kaya ya fara kewaye-kewaye ya bar masa abinsa.

Ban sani ba ko matar nan mai awo ta taɓa jin ƙarshen labarin, kuma wannan yana ci min rai har yau. Shi ya sa ma na rubuta.

Watan jiya Jamilu ya zo min da gwangwanin. Yana neman kama gidan haya, abubuwa sun yi masa yawa, wani kuma ya ce masa ana iya zare zaren a danne hudojin a sayar. Ya ce, "Gwaggo, guda ɗaya kawai zan gwada." Ban hana shi ba. Ya sa tsinken allura ya ja a hankali. Ashe Yaya ya matse ɗinkin ƙwarai, huda na bin huda. Katin ya rabe biyu a hannunsa.

Jamilu ya kalli gutsattsarin. Sai ya yi dariya, hawaye na zubo masa, ya ce, "Baba ya san ni." Ya mayar da su cikin gwangwanin ya rufe.