Bappa Manu da ciyawar bayan gidanmu

Duk wanda ya zauna a Gabukka ya san Bappa Manu, yayan babana, ba ya amsa gaisuwa da kaka sai ya karya tsinken ciyawa a kusa da kunnensa. In ya lanƙwashe, ya tambaye ka iyali. In ya yi ƙas, ranar kowa sai ya fito da lauje, a share fili tsakanin gidaje da daji don kada wutar daji ta shigo.

Ku mutanen unguwa, kun yi masa dariya, ina kallonku. Mahaukacin ciyawa kuke ce masa.

Malam Yohanna, malaminmu na lissafi, ya taɓa yar da guntun taba a bayan dangarmu. Bappa ya tsince shi, ya bi shi har aji, ya miƙa masa da hannu biyu a gabanmu.

"Malam, ka manta kayanka a unguwarmu."

Wasu samari kuma suka cinna wa daji wuta don gafiya. Ya sa su kashe ta da ɗanyen ganye har gashin girarsu ya babbake, sannan ya zauna a gabansu ya cinye gafiyar. Wai tunda ta gasu, zubarwa almubazzaranci ne.

Da kuɗin fetur suka shigo gari, Alhaji Garba maƙwabcinmu ya yi rufin kwano, ya aiko cewa a daina kiransa aikin gayya, wuta ba ta cin kwano. Bappa ya je ya daɗe yana kallon awakinsa.

"Alhaji, su ma an rufa musu kwanon?"

Bana Bappa ya rasu ana cikin girbi. A zaman makoki ina kai ruwa ina jinku, kowa na cewa unguwa ta yi rashin garkuwa. Amma ciyawar ta wuce tsayina, ta bushe, kuma gidanmu ne na ƙarshe, rumbunmu na jingine da danga. Ni da ko a aji ba na ɗaga hannu, na tambaya yaushe za a share. Alhaji ya ce a bari sai bayan arba'in, kuma yarinya ba ta sa baki a maganar manya.

Ni da Inna muka fara jiya. Tafin hannuna duk ya yi bororo, ko kwatan filin ba mu share ba.

Bappa, Allah ya sanyaya makwancinka. Ka gaji da mu, ka huta.