Ƙyallen da ke fuskar Don Hilarion

A garinmu na bakin kogin Beni, duk wanda ƙudan daji ya ciza har gyambon da muke kira espundia ya buɗe masa, gidan Doña Eulogia Marupa yake nufa. Ɓawon itacen evanta take ɓarowa, ta daka, ta ɗaure a kan ciwon. Bakinta kamar barkono, amma hannunta da taushi. Ni maƙwabciyarta ce, babu abin gidan da ke wuce kunnena.

Gyambon da ta fi alfahari da shi na mijinta ne, Don Hilarion. A ƙwauri ya fito masa shekarar da yake saran katako. Ma'aikaciyar asibiti ta ce sai an yi allurai, ya ce shi da ke da likita a ɗaki me zai kai shi bin layi? Kafin damina ta wuce ciwon ya rufe. A wurinmu kuwa in fata ta haɗe, magana ta ƙare.

Ashe da saura. Bayan shekaru hancinsa ya fara toshewa, muka ce mura ce, sai ga jini. A asibiti aka ce ƙwayar cutar ce ta lafe a jiki, ta ɓullo ta hanci. Allurai sun tsayar da ita, amma ta riga ta yi wa hancin ɓarna, tun daga nan yake ɗaure fuska da ƙyalle. Na ji Eulogia tana kuka a bayan murhu. Wallahi ta fi mijin ba ni tausayi.

Ba ta saki evanta ba. Masu bincike daga birnin La Paz sun ce akwai abin da ke kashe ƙwayar a ɓawon, sai dai ba su gama sanin iyakarsa a jikin mutum ba. Ita ke raka su daji, tana yi musu faɗan sanyin jiki.

Yanzu kafin ta ɗaura wa kowa magani, sai ta zaunar da shi gaban mijinta. Jiya wani manomin shinkafa ne ya zo.

"Tsoho, kwance ƙyallen," in ji ta.

"Haba tsohuwa, ba kya barin mutum ya gama cin ayabarsa?"

"Kwance, sarkin taurin kai."

Ya kwance. Manomin ya kau da kai, ta kamo haɓarsa ta juyo da shi.

"Kalla da kyau, ɗana. Da hannuna na rufe masa ciwon, na yi rawa a kai. Zan ɗaura maka, amma gobe ni zan raka ka asibiti."