Rantsuwar da Baba Ya Yi a Kaina

Yau kwana hamsin da biyu da rasuwar Baba, kuma har yanzu idan la'asar ta yi nakan ji ƙarar babur ɗinsa a ƙofar gida. Babur ɗin yana zaure a jingine, an lulluɓe shi da buhu. Duk da haka sai in ji an kashe inji, an yi gyaran murya, in tsaya cak da tsintsiya a hannu ina jiran tambayarsa: "Yarinya, an turo?"

Na gama sakandare a Makarfi, na zana jarrabawar shiga jami'a, na nemi karatun aikin jinya. Makina bai yi sama can ba, bai kuma faɗi ƙasa ba. Da lambar Baba aka yi mini rajista don ba ni da waya, shi ya sa duk saƙon da ya shigo sai ya miƙo mini in karanta. Ajami ya iya, boko kuwa sunansa kawai yake ganewa. Inna takan bar tuƙin tuwo ta zo ta tsaya a kaina da muciya a hannu, har sai na ce tallar kamfanin waya ce, sannan ta koma.

Wata Laraba, ranar kasuwar Makarfi, Baba ya goya ni daga ƙauyenmu na wajen Gubuchi zuwa shagon kwamfuta. Mai shagon ya shigar da lambata, ya juyo mana da fuskar kwamfutar. Wata da watanni rubutu ɗaya muke tararwa, cewa ba a ba ni gurbi ba tukuna. Ranar sai muka ga ya canza. Turanci ne gajere, ma'anarsa ana kan duba maganar ɗaukata.

"Baba, wannan alama ce mai kyau," in ji mai shagon. "Galibi daga nan sai ka ga suna ya fito."

"Ya fito?"

"Na ce dai galibi..."

Baba bai tsaya jin sauran ba. Ya cire hula, ya shafa kai, ya mayar, yana ta alhamdulillahi. A hanya na so in yi masa bayani, amma iska na kwashe maganata, shi kuma yana ta gaishe da mutanen da ko saninsu bai yi ba.

Mun tarar da maza zaune a inuwar ƙofar gidanmu suna shan rake. Cikinsu har da Baffa, yayan Baba, wanda ɗansa ya yi shekara uku yana zana jarrabawar nan bai samu ba. Tun kafin ya kafe babur Baba ya ba su labari.

"Ina takardar?" in ji Baffa.

"Yaya, ai yanzu ba a takarda, a kwamfuta ake yi."

"Kwamfutar da ba ka iya karantawa? Kai da ko buhun taki sai an faɗa maka wane iri ne?"

Aka kwashe da dariya. Na ga fuskar Baba ta canza. Mutum ne da ba ya rantsuwa, ko a cinikin rake ban taɓa ji ba, mu ma idan muka ce wallahi a kan abin banza sai ya yi mana faɗa. Amma ranar ya ɗaga yatsa sama.

"Wallahi tallahi an ɗauke ta. Da idona na gani." Ya juyo wajena. "Ke, ba haka aka rubuta ba?"

Duk idanu suka dawo kaina. Ina riƙe da ledar kayan miya. Idan na ce a'a, na ƙaryata ubana a gaban yayansa da maƙwabta. Na sunkuyar da kai na ce, "Haka ne, Baba."

Na ce a raina ai sunan zai fito, maganar ta zama gaskiya, ba wanda zai sani.

Cikin mako guda Baba ya sayo akwati da bokiti da 'yar katifa. Inna ta fara dakan yaji, ta sa aka niƙo garin ɗanwake, tana ta lissafa abin da ɗaliba ke buƙata kamar ta taɓa zuwa. Mata suna shigowa barka.

Bayan mako biyu na raka gwaggona kasuwa, na ce mata zan sayo zare, na faɗa shagon ni kaɗai. Rubutun ya koma yadda yake a da. Ba a ba ni gurbi ba.

"Yakan faru," in ji mai shagon, bai ko ɗago ba. "Wani lokaci a zagaye na biyu suna ya fito, wani lokaci shi ke nan."

Na fito daga shagon. Na ce zan faɗa wa Baba bayan Juma'a. Juma'a ta wuce, na ce sai ya gama saran rake, kada in ɓata masa rai yana tsakiyar aiki. Kullum ya dawo ya tambaya ko an turo ranar tafiya, in ce tukuna.

Ranar wata Litinin da hantsi ya yanke jiki ya faɗi a fadama. Kafin a kai shi asibiti ya cika. Kwana goma sha biyu ke nan da na ga rubutun ya koma.

A zaman makoki mata suka riƙa dafa kaina. "Ki gode Allah, ya tafi da farin cikinki." Kowace ta faɗa sai in ji kamar an danna mini dutse a ƙirji. Baffa ma ya kira ni zaure ranar uku, muryarsa ta dishe, ya ce, "Ni zan kai ki makarantar nan da kaina. Ki faɗa mini rana kawai."

Abin da ya fi hana ni sakat shi ne rantsuwar. A Islamiyya an koya mana nauyin rantsuwa a kan ƙarya. Hanyar famfonmu tana bi ta gefen maƙabarta, kuma duk sanda na hango sabuwar ƙasar nan ja sai bokiti ya nemi kuɓuce mini. Ina tuna yatsansa a sama. Ina tunanin ko ana tambayarsa a can, shi kuma yana waiwaye yana neman wadda ta ce masa haka ne. Na daina cin abinci sosai. Inna ta ɗauka kewa ce.

Makon jiya da safe na same ta a ɗaki tana tsintar wake, da mayafin takaba a kanta. Na durƙusa nesa kaɗan, na faɗa mata komai, tun daga shagon har zuwa ranar zare. Hannunta ya tsaya a cikin faifai.

"Kika zauna kina kallona ina dakan yaji?"

Ta ɗago ta dube ni.

"Kika bar mata suna shigo mini barka?"

"Inna," na ce, "za a kama shi da rantsuwar?"

Ta ci gaba da tsintar waken. "Shi a kan abin da ya sani ya rantse. Allah ba ya kama bawa da abin da aka ɓoye masa. Wannan ko ni da ban yi zurfin karatu ba na sani."

"Ni fa?"

Ta ajiye faifan. Ta ce, "Sa hijabinki ki kira mini Baffanki. A gabana za ki faɗa masa, da bakin da kika ce haka ne."

Ya zo ya tsaya daga bakin ƙofa. Na maimaita, ina jiran ya ce ai dama ya faɗa. Sai na ji yana salati a hankali. Ya zauna a kan turmi.

"Ni na matsa masa," ya ce. "Ni na sa aka yi masa dariya har ya rantse."

Washegari ya je wajen liman. Liman ya ce babu kaffara a kan mamacin, tunda bai san ba haka ba ne. Baffa ya ji, amma duk da haka ya aiko da masara daga rumbunsa, ya ce a ciyar da mutum goma, shi dai hankalinsa zai fi kwanciya. Inna ta ce ni zan tuƙa.

Na tuƙa. Na zuba kwano goma, na bi gidajen tsofaffi da marasa lafiya ɗaya bayan ɗaya. A gida na huɗu wata tsohuwa ta riƙe hannuna ta ce, "'Yar jami'a, yaushe ne tafiyar?"

Na ce, "Iya, ba a ɗauke ni ba tukuna."

Ta saki hannuna tana kallona. Na ɗauki sauran kwanukan, saura gida shida.