Yaɗon Kabewar Inna

Wata ranar Juma'a, a daminar shekarar da aka samu 'yancin kai, na dawo daga makaranta na tarar da Inna durƙushe a bayan ɗakinmu na haya a unguwar Hausawa ta Anaca, hannuwanta dumu-dumu da jar ƙasa. Kabewa ce ta shuka da irin da ta ƙullo a bakin zane tun daga ƙauyensu na ƙasar Kazaure. Ruwan Kudu bai san ya isa ba, kowace shekara sai ya ruɓar mata da gindin shukar. Shi ya sa a wannan karon ta bi yaɗon gaɓa-gaɓa tana rufewa da ƙasa, tana barin ganyen a waje. Ni ke ɗebo mata ƙasa a tsohon gwangwanin madara, ƙanena Sale kuwa yana fama da awakin maƙwabta. Takan ce, "Kowace gaɓa ta yi saiwarta. Ko uwar ta ruɓe, 'ya'yan sun kama ƙasa."

Baba, dillalin shanu, shi bai yarda komai namu ya kama ƙasa ba. Tun da na yi wayo maganarsa ɗaya ce: "Ba zama muka zo yi ba, bayan Sallah za mu koma gida." Saboda wannan bayan Sallar ko gado ba mu taɓa saya ba, tufafinmu kullum a ninke cikin akwatin ƙarfe. In ya ji muna yaren Ibo da yaran maƙwabta wajen wasan langa, ranƙwashi ne abincinmu.

A wannan Juma'ar wani abokinsa ya tsokane shi a ƙofar masallaci, wai ashe har an fara noma, an zama ɗan gari. Wasa fa! Amma Baba ko babbar riga bai tuɓe ba, ya zarce bayan ɗaki ya fizgi yaɗon. Yaɗon ya ƙi tasowa, don gaɓoɓin da aka fara binnewa sun riga sun riƙe ƙasa gam, sai da ya bi su ɗai-ɗai yana tumɓukewa. Inna ta tsince 'ya'yan kabewar da ba su wuce dunƙulen hannu ba ta shige ɗaki. Wallahi har gobe abin nan yana ci mini rai.

Daminar da ta zagayo Inna ta rasu, aka binne ta a Anaca. Da muka koma Arewa daga baya, dangi suka sa mana suna 'yan Kudu, alhali a Kudun baƙi ake ce mana.

Yau ga ni da furfura a ɗakin haya a Fatakwal, tsakar gida duk siminti. Na shuka kabewa a tsohon bokiti, yaɗon yana ta bin siminti bai samu inda zai riƙe ba. Mu duka gidanmu, Inna kaɗai ta kama ƙasa.